Misali na Biyar

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

An dakatar da Auta daga aiki.

Bari in rubuta abin a jere, yadda nake koya wa sababbin 'yan rahoto. Ta fita ƙarfe bakwai saura kwata kamar kullum. Ta dawo sha ɗaya da rabi da ambulan a hannu. Mamansu tana shanya a waje, ta tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau. Ta shigo falo ta tarar da ni a tebur, ta ɗora wayarta a kan takardun da nake dubawa. Hoton shafi na goma sha ɗaya ne na jaridarmu ta Juma'ar da ta wuce, wato filina. Wani ya zagaye misali na biyar da jan layi. Ta jira na gama kallo, ta ɗauke wayarta, ta shige ɗakinta. Ba ta buga ƙofa ba. Na dai ji ta murɗa makulli sau biyu.

Ambulan ɗin a kan kujera ta bar shi. Sakin layi uku ne, da Turanci mara kuskure. An dakatar da ita bisa zargin fitar da maganar cikin kamfani, har kwamiti ya zauna ranar Juma'a, 24 ga wata. Kwamitin ne zai ce ta koma ko ta tafi.

Shekara huɗu ta yi tana neman aikin nan. Wata goma sha huɗu ta yi a cikinsa.

Litinin, ƙarfe 6:10 na yamma

Shekara goma sha tara ke nan ina rubuta filin koyon Turanci a jaridar nan, duk mako. Bana ina bin aikatau masu ɗan rakiya ne, waɗanda wata ƙaramar kalma ke biyo su a baya ta sauya musu ma'ana. Makon jiya na iso kan “put off”. Na kawo ma'ana shida: ɗage abu zuwa wani lokaci, sallamar mutum da uzuri don kada a biya masa buƙata, sa abu ya fita daga ran mutum, raba hankalin mai aiki da aikinsa, sauke fasinja daga mota, sai kashe fitila, wanda na ce ana jin sa a bakin mutane amma masu duba jarrabawa ba sa so. Ma'anar farko ta fi yawa a baki, don haka na ba ta misali biyar.

Ƙa'idata ɗaya ce tun da na fara: ba na ƙirƙirar misali. Jimlar da marubuci ya ƙaga a tebur ana gane ta daga nesa, kamar furen roba. Kullum akwai ƙananan katuna a aljihun gabana. In na ji jimla mai kyau sai in rubuta ta, da sana'ar wanda ya faɗa, da wuri, da rana. Kwalin takalmi goma sha ɗaya na cika, suna saman kabad. In na buga misali kuma, sai in sa tushensa a ƙasa da ƙananan haruffa: daga bakin direban babbar mota, daga hukuncin kotu, daga bakin mai sayar da magani. Masu karatu sun fi son wannan layin a kan darasin kansa.

Na ciro katin. Laraba, 17 ga watan jiya, teburin cin abinci, Auta tana waya da wata abokiyar aikinta ta sashen kaya. Ba zan sake rubuta jimlar a nan ba, sau ɗaya ya isa. Magana ce kan gwajin tankunan ruwa da ake yi duk wata, an ɗage shi karo na uku. A ƙarƙashinta na buga: daga bakin ma'aikaciyar ɗakin gwaji a wani kamfanin ruwan kwalba. Na ɗauka “wani” ya rufe komai. Kamfanin ruwa biyu ne a garin nan, ɗaya ne ke da mace a ɗakin gwaji, sunan da ke saman filina kuma shi ne a bayan nata a katin aikinta.

Abin da na tuna daga ranar nan shi ne na ji daɗi. An raba aikatau da ɗan rakiyarsa, an sa abin da aka ɗage a tsakiya, daidai irin wadda na yi wata biyu ina nema. Ginin jimlar na ji. Abin da take faɗa ban ji ba.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe 6:55 na safe

Motar ma'aikata ta tsaya a bakin layi, ta yi hon sau biyu, ta jira kamar minti ɗaya, ta tafi. Ba a gaya wa direban ba ke nan.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Na je ofis. Edita ya riga ya sani. Ni na koya masa aiki, har yanzu Malam yake ce min, kuma in na shiga sai ya miƙe. Ya ce lauyan kamfanin ya kira jiya, bai yi barazana ba, ya dai tambaya ko jarida tana tsaye a kan labarinta. Edita ya ce masa ba labari ba ne, darasin nahawu ne. Lauyan ya ce masu tura hoton daga waya zuwa waya ba su san haka ba.

Dogo, mai tsara shafuka, ya leƙo yana dariya. “Malam, shekara goma sha tara kana koyar da Turanci ko kare bai kula ba, yau ka fasa babban labari a shafi na sha ɗaya. Gobe ka ba mu darasi a kan masu gyaran hanya mana.” Da ya kalli fuskata sai ya ce bari ya je ya ga ko ruwan shayi ya tafasa. Bai dawo ba.

Edita yana so ya tura ɗan rahoto ya bi maganar tankunan. Na roƙe shi ya bari sai bayan 24. Ni ne na koya masa ba a danne labari don ɗan'uwa, a wannan ɗakin, a kan kujerar da nake zaune. Ya amince, idonsa a kan tebur.

Wasiƙa goma sha huɗu ta zo wa filin. Goma sha ɗaya a kan kashe fitila ne. Wani tsohon hedimasta, wanda ke rubuto min kusan duk wata, ya cika shafi huɗu yana cewa bai kamata ma in ambaci wannan ma'anar ba, yara za su ɗauka na halatta ta. Yana da hujja.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Mamansu ce ke kai mata abinci bakin ƙofa. Rabinsa ke dawowa.

Yau Mamansu ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa. Sannan ta ce shekara talatin da huɗu tana magana a gidan nan ban taɓa ciro mata kati ba, ta ɗauka raini ne don ba ta jin Turanci, ashe Allah ne ya tsare ta. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin yadda abin ya faru. Ta ce ta gane sarai. Ta ce ko mai aski ya san akwai maganar da ake yi a kujerarsa wadda ba ta fita shago.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe 6:52 na safe

Motar ta wuce. Ba ta tsaya ba.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe 10:15 na safe

Ta fito. Ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi ƙafata da ke ciwo, ta jira amsa. Na ce mata ta zauna mu yi magana. Ta ce, “Baba, ruwa na zo ɗiba.” Ta ɗiba daga tukunyar da aka tafasa, ta koma.

Bayan ta shiga na lura da katan ɗin ruwan da kamfani ke ba ma'aikata duk wata. Suna bayan ƙofar kicin, ba a buɗe ba. Guda uku. Wata uku ke nan muna shan tafasasshen ruwa a gidan nan, ni kuma na ɗauka wani sabon ra'ayin Mamansu ne. Na tambaye ta. Ta ce Auta ce ta ce a riƙa tafasawa, ba ta faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

Na je kamfanin. Mai gadi ya ba ni fom, akwai gurbin da aka rubuta dalilin ziyara. Na daɗe riƙe da biro. Na rubuta: na kaina.

Benci ne na ƙarfe a ƙarƙashin rumfar kwano. Daga nan ana hango tankunan, huɗu, farare, da tsani a jikin kowanne. Motocin kaya suna ta fita a cike. Na zauna awa biyu da minti goma.

Manajan ma'aikata bai fi shekara arba'in ba, mutum mai ladabi. Ya fito da kansa ya shigar da ni, ya kunna min fanka. Ya ce da filina ya ci jarrabawar Turanci, har yanzu yana da wasu da ya yanke ya ajiye. Na gaya masa abin da na zo faɗa, a taƙaice: yarinyar ba ta ba ni komai ba, da abokiyar aikinta take magana, a gidan ubanta, ni na saurara, ni na rubuta, ni na buga. In akwai mai laifi ga shi a zaune. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce ya fahimta ƙwarai, amma ni ba ma'aikacinsu ba ne, ba su da abin da za su yi min. Ya ce abin yana sama, shi ma saƙo ake ba shi. Na tambaye shi wa zan gani a saman. Ya ce zai bincika ya kira ni.

Ya rako ni har bakin ƙofa. Ya sa aka kawo min ruwan kwalba mai sanyi. Na riƙe shi har gida.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Bai kira ba.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Dole in miƙa fili na wannan makon. A motar haya wani mutum a bayana yana faɗa da wani a waya da Turanci, ya saki wata jimla. Sai na tsinci hannuna a aljihun gaba, har na kama katin. Na mayar. Na sauka tasha ɗaya kafin tawa na ƙarasa da ƙafa.

Na haɗa darasin daga tsofaffin katuna, na cire layin tushe gaba ɗaya. Dogo ya kira yana tambaya ko ƙananan haruffan sun faɗi a hanya ne. Na ce ya bar shi haka.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Bai kira ba. Saura kwana takwas.

Ina jin ta a ɗaki tana jan kujera, tana buɗe taga, tana rufewa. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Na rubuta wa gwamnoni da shugabannin kamfanoni sharhi ba adadi ban taɓa rasa jimlar farko ba.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Manaja ya kira ƙarfe uku da kwata. Ya fara da cewa wannan ba magana ce ta ofis ba, shawara ce ta ɗalibi ga malaminsa. Na rubuta abin da ya faɗa yana faɗa, don kada in ƙara ko in rage. Idan jarida ta buga gyara a fili ɗaya, da sunana, cewa misalin ƙirƙira ce, babu ma'aikaciyar da ta faɗe shi, to babu maganar da aka fitar. In babu maganar da aka fitar, kwamiti ba shi da abin zama a kai. Na tambaye shi ko alkawari ne. Ya ce shi ba ya iya yin alkawari, amma ya san yadda mutanen sama ke tunani. Ya ce gara ta fito kafin zaman, ko a ranar.

Jaridarmu Juma'a take fita. Juma'a ɗaya ta rage.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na gaya wa Mamansu. Ta ajiye abin da ke hannunta ta tambaye ni me nake jira.

Na yi mata lissafin yadda yake. Fili kusan dubu na rubuta, misali sama da dubu bakwai, babu ɗaya da na ƙaga. In na ce na ƙaga ɗaya, duk sauran sun zama abin zargi. Wannan nawa ne, zan iya haɗiyewa. Amma akwai na biyu. Jimlar gaskiya ce, ko aƙalla Auta ta yarda gaskiya ce, tunda ta hana mu shan ruwan. Motocin nan da na gani suna fita, gidajen mutane suke zuwa. In na ce ƙarya ce, na rufe bakin duk wanda zai tambaya.

Ta saurare ni har na gama, abin da ba ta cika yi ba.

“Malam, tankuna ba ni na haife su ba.”

Na ce na sani.

“Kai ka jefa ta a rami. In akwai igiya ɗaya a garin nan, ba za ka tsaya kana duba ko tana da tsabta ba.”

Ta tuna min shekara huɗun nan: yadda Auta ke goge riga ɗaya tana zuwa ganawa ana ce mata za a kira, yadda ta daina zuwa gidan 'yan'uwa don kada a tambaye ta ina aka kwana. Duk na sani. Ni ne nake gyara mata takardun neman aikin.

Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da aka sa su zaɓa tsakanin gaskiya da nasu. A littafi ana ba mutum babi guda ya yi tunani, kuma yawanci ba shi ne ya haƙa ramin ba.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na rubuta gyaran sau goma sha ɗaya. Duk wanda na rubuta sai in ga na bar wa kaina ƙofa: “mai yiwuwa”, “ba a tabbatar ba”, “ba daidai yadda aka faɗa ba”. Lauyansu zai ga ƙofar kafin ni. Na sha biyu ba shi da ƙofa:

“Misali na biyar da ya fito a wannan fili ranar 3 ga wata ƙirƙirar marubucin ce. Babu wata ma'aikaciya da ta faɗe shi. Marubucin yana neman afuwar duk wanda abin ya shafa.”

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

Edita ya karanta sau biyu. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce zai buga in na ce a buga, amma in san abu biyu. Filin ya ƙare daga ranar, don ba zai iya sake sa layin tushe a ƙarƙashin sunana ba, ba kuma zai iya bayyana wa masu karatu dalilin cire shi ba. Na biyu, maganar tankuna ta mutu a jaridar nan. Ba za mu ce mun ƙaga ba sannan mu tura ɗan rahoto.

“Malam, ka san ba sunanka kaɗai ke ciki ba.”

Na ce na sani. Kwanan nan abin da nake ta faɗa ke nan.

Ya tambaya ko Auta ta gani. Na ce tukuna. Ya ce shafi yana rufewa Alhamis ƙarfe goma sha biyu.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Na kwafe gyaran da hannu, na ƙara layi biyu a ƙasa na abin da Manaja ya ce, na tura ta ƙarƙashin ƙofarta. Na tsaya. Takardar ta daɗe rabinta a waje. Sannan aka ja ta ciki.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Shiru.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Da safe na same ta a baranda tana guga, rigar da za ta sa gobe. Na tambaye ta ko ta karanta. Ba ta ɗago ba.

“Na karanta, Baba. Babu kuskure ko ɗaya.”

Na jira ko za ta ƙara. Ta juya rigar ta ci gaba da gugar hannun hagu. Na ɗauki wannan a matsayin amincewa. Na rubuta haka a nan don in an jima kada in gaya wa kaina cewa ta ce in buga. Ba ta ce ba.

Na miƙa gyaran sha biyu saura minti ashirin. Dogo ya karɓa, ya karanta, bai yi wasa ba. Ya tambaya kawai ko a sa shi cikin akwati ko a bar shi a buɗe. Na ce cikin akwati, a sama, inda ba sai an nema ba.

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Jarida ta fito. Gyaran yana nan a sama, cikin akwati.

Auta ta fita tara saura kwata. Na ce in kai ta, ta ce ta gode, za ta hau mota. Mamansu ta bi ta har bakin layi tana yi mata addu'a.

Juma'a, ƙarfe 3:45 na yamma

Ta dawo biyu da rabi. Kicin ta wuce wurin Mamansu, ba ta rufe ƙofa ba, ba ta kuma rage murya ba. Daga tebur na ji komai.

Mutum biyar ne a kwamitin. Jaridar tana gabansu, an buɗe shafi na goma sha ɗaya. Shugaban ya yi fara'a, ya ce mahaifinta dattijo ne, ya sauƙaƙa wa kowa. Suka miƙo mata takarda ta farko: cewa ba ta taɓa faɗar maganar ba. Sannan suka miƙo ta biyu. Rajistar gwaji ce, da layi uku da babu komai a cikinsu sai kwanan wata da sunanta, an bar mata gurbin sa hannu.

Ta ce musu ta faɗi maganar, ranar 17 ga watan jiya, a gidansu, kuma gaskiya ta faɗa. Ta mayar musu da biro.

Na ji Mamansu ta ja kujera ta zauna. Ta ce ubanki ya zubar da sunansa a jarida saboda ke.

“Ban roƙe shi ba, Mama.”

Famfo yana ɗiga a cikin roba.

“Da ta farkon ce kaɗai, da na sa hannu. Don shi.”

Ban tashi daga tebur ba. Ban san ko Manaja ya san da takarda ta biyu lokacin da ya kira ni ba. Ban san abin da ke cikin tankunan ba, ko ma babu komai. Shekara talatin ina aikin jarida, ban tambayi mutumin nan ko akwai wani sharaɗi bayan nawa ba.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe 12:20 na rana

Tsohon hedimasta ya samo lambata ya kira. Ya tambaya ko direban babbar motar nan na shekarun baya ma ni na ƙaga shi. Na ce a'a. Ya ce to ta yaya zai sani.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Na tambayi Edita ko za a iya janye gyaran, tunda ita da bakinta ta ce ta faɗa. Ya ce jarida ba za ta faɗi magana uku a kan jimla ɗaya ba. Ya ce ko ya yarda, wa zai gaskata ta ukun. Na kwashe abin da ke cikin durowata, bai cika leda ɗaya ba. Dogo ya rako ni har titi yana ba ni labarin wani injin ɗab'i da ya taɓa cinye masa hula. Na sha jin labarin. Na bar shi ya kai ƙarshe.

Talata, 28 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Takardar ta zo. Sakin layi biyu. An sallame ta. Ta je ta kwashe kayanta gobe kafin ƙarfe goma sha biyu.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe 2:40 na rana

Ita ta ce in kai ta, saboda kayan.

Na jira a mota a wajen ƙofa. Minti ashirin da biyar ta yi. Ta fito da kwali ɗaya: takalmin roba, kofi, littattafai biyu, ƙaramin madubi. Farar rigar aiki ta kamfani ce, an karɓe. Mai gadi ya buɗe kwalin ya duba, yana ba ta haƙuri yana dubawa. Babu wanda ya rako ta.

Muka kama hanyar gida. A wajen gada aka tsayar da mu, wata babbar mota tana juyawa. Tana kallon gaba ta ce, “Baba, ranar nan a tebur. Ka ji muryata tana rawa?”

Na ce ban ji ba.

Ta ce abokiyar aikin nan tata tana jin Hausa sarai, da Hausa suke hira kullum. Ta juya zuwa Turanci ne don kada Mama ta ji ta kasa barci. Mu uku ne a ɗakin.

“Wata uku ina neman yadda zan gaya maka. Da na ga ka ciro biro, na ce shi ke nan, Baba ya ji, in na ajiye waya zai tambaye ni.”

Na tuna abin da na yi da ta ajiye wayar. Na tambaye ta ko “again” ta ce a ƙarshe ko “yet again”, don in rubuta daidai. Ta gaya min. Na gode mata.

Babbar motar ta gama juyawa. Na baya suka fara hon. Ta gyara kwalin a cinyarta ta ce, “Mu je, Baba, an ba mu hanya.”